Tekun Alhaji Sada da Tsumman Inna Tabawa

Ku jawo bencin nan inuwa ku zauna, tunda kun ce aikin famfo ba komai ba ne illa a yanka bututu, a shafa gam, a jona. Na ji ɗayanku yana cewa shi a waya ya koya, kafin shayinsa ya huce. Madalla da waya. Ni shekara bakwai na yi ina ɗaukar wa maigidana akwatin kaya, daga Dutsin-Ma zuwa duk ƙauyen da aka kira shi, kafin ya yarda in haɗa tanki ni kaɗai, kuma duk da haka sai da ruwa ya tsinka ni a gaban mutanen Kurfi. Sunana Haladu. Na faɗa ne don na san rabinku ba ku sani ba. Ambaliya kuka taso kuka ji ana kirana, har akwai mai zaton da shi aka yanka mini rago.

Maigidana Baba Audu mutumin Rawayau ne, Allah ya jiƙansa. Gajere, mai faɗa, kayan aikinsa ba su wuce zarto, da babbar sifana mai haƙori, da gwangwanin gam, da farin tef na naɗe bakin famfo ba. Amma in ka tambaye shi wanne ne babba a ciki, sai ya kama kunnenka ya ja, ya ce ga shi nan. Yakan sa ni in ƙwanƙwasa tanki da bayan yatsa in faɗi inda ruwa ya tsaya. In na kuskure in sha ranƙwashi a ka, wai bari ya ji ko nawa tankin da wani abu a ciki. Karatunsa kuwa guda ɗaya ne, safe da yamma: "Haladu, ruwa baƙo ne marar kunya. Kafin ka nuna masa ƙofar shiga, fara nuna masa ta fita." Na ji wannan magana har ta gundure ni, ina ganin surutun tsufa ne kawai.

Aikin farko da na karɓa da sunana bayan ya sallame ni, tanki ne a kan rufin siton hatsi na Alhaji Sada a Kurfi. Lokacin Alhaji yana ganiyarsa a harkar gero da dawa, yana son ruwa a bakin sito saboda alwala da masu dako. Na ɗora tanki, na ja bututu, na sa ƙwallon nan mai tsayar da ruwa idan tanki ya cika. Saura bututun da ke fitar da rarar ruwa waje idan ƙwallo ya ƙi aiki. Na duba jaka, elbo guda ya rage mini, wato gwiwar bututu, shi ma a tsage. La'asar ta yi, motar Dutsin-Ma tana shirin tashi. Na ce a raina ai ƙwallo sabo ne, gobe na dawo in ƙarasa. Goben nan aiki ya taso a Dabawa, jibi aka yi mana rasuwa, shi ke nan abin ya shige mini duhu. Alhaji ya kulle sito ya bi kayansa Kudu. Ƙwallo ya maƙale, ruwa ya cika tanki, ya nemi ƙofar fita bai samu ba, sai ya yi wa kansa ta cikin rufi.

Ranar da aka buɗe siton ranar kasuwa ce. Har yau ban sake ganin noma irin wannan ba. Buhunan gero a jere tun daga ƙasa har sama, kowanne ya fito da gemu kore shar ta cikin saƙar buhu. Jama'a suka bar ciniki suka taho kallo, wani yana cewa Alhaji ya fara noman rani a ɗaki. Aka aika aka ɗauko ni a bayan babur. Alhaji Sada bai zage ni ba, bai kai ni gaban kowa ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsinko tsiron gero guda, ya jujjuya shi a hannu, ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ambaliya." Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin in isa gida sunan ya riga ni.

Wannan shekara ko butar alwala ba wanda ya ba ni in toshe. In na shiga majalisa sai wani ya ɗage tabarmarsa, wai kada ta jiƙe. Da na ga zama ba zai fisshe ni ba, na tattara na tafi wajen masu noman rani a bakin dam ɗin Zobe, ina jona musu tiyo ina gyara bakin injin ban-ruwa, don can ne kaɗai in ruwa ya zube sai a ce Allah ya yi albarka. A can na yi karatun da ranƙwashin Baba Audu ya kasa cusa mini. Da damina ta yi nisa na tsaya ina kallon dam ɗin, duk girmansa an bar masa wuri musamman inda zai zubar da saura in ya ƙoshi. Na ce to, in wannan ƙaton ma sai da aka yi masa ƙofar fita, ni wane ne da ɗan tankina. Daga ranar ko randa aka ce in duba, sai na tambayi ta ina za ta zubar.

Aiki ya dawo a hankali, amma suna ya zauna daram. Shekara ashirin da biyu. Matata ta zama matar Ambaliya, katin gayyatar biki ma haka ake rubuto mini, ni kuma ina amsawa ina dariya tare da masu dariya. Amma gaskiya ɗaya ce, abin yana ci mini rai. Burina bai wuce in ji bakin da ya laƙaba mini shi ya kira ni Haladu ba, ko sau ɗaya, kafin ɗayanmu ya bar duniya.

Rannan da hantsi ina nan inda kuke zaune, sai ga mota daga Kurfi, wai Alhaji Sada yana nemana. Na ce wa direban ko dai wani Ambaliyar ake nufi. Ya ce ai guda ne a duk ƙasar Katsina. Na tarar da Alhaji a falonsa, ya tsufa, gemu ya yi fari tas. Falon ba shimfiɗa, an fitar da kafet an shanya a kan katanga. A jikin bango ga wani akwatin gilashi, tsawonsa ya kai gado, an ɗora shi a kan kabad na katako, ba komai a ciki.

"Ambaliya, ka iso?" in ji Alhaji.

"Na iso, Alhaji. Mun same ku lafiya?"

Bayan mun gaisa ya nuna gilashin da sandarsa. "Ka ga wancan? Teku nake so a ciki."

Ashe Umra ya je, a Jidda ya shiga wani wuri ya ga kifaye masu launi da murjani mai rai a cikin gilashi, tun daga nan abin ya tsaya masa a rai. 'Yarsa Malama Hindatu ta karanci harkar kifi a jami'a, ita ta sa aka kawo kayan. Masu aikin famfo biyu, samari irinku, sun gwada haɗawa, kowanne ya bar falon yana tsiyaya.

"Alhaji, duk masu famfon ƙasar nan ka rasa wanda za ka kira sai ni?"

"Su waɗancan ba su san tsoron ruwa ba. Kai kuwa wanda maciji ya sara ne, ko baƙin tsumma ka gani sai ka yi tsalle. Irinka nake nema." Ya juya sandar wajen katanga. "Kafet ɗin can daga Makka na ɗauko shi. Sau biyu yana shan ruwa. Ran Juma'ar da zan tara jama'a su ga tekuna, in ya sha na uku, ni da kaina zan sa a rubuta maka sunan nan a allo in kafa a ƙofar shagonka."

Malama Hindatu ta shigo da takarda mai zane, ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla, ni kuwa na natsu, don wanda ya fi ka sanin abu ya fi ka ko da 'yar cikinka ce. Abin tankuna biyu ne. Na sama shi ne na kallo, inda kifi da murjani za su zauna. Na ƙasa na roba ne mai kauri, yana ɓoye a cikin kabad. Ita tana da sunansa na Turanci, ni na ce masa randar ƙasa, har ita ma ta koma faɗin haka. A kusurwar tankin sama akwai ɗan akwati mai haƙora irin na mataji. Ruwan da ya taso ya kai haƙoran sai ya kwarara ciki, ya bi bututu ya gangara randar ƙasa. A can a tace shi, wani inji ya buga shi ya yi kumfa ya kwashe datti, sannan ɗan injin turo ruwa ya mayar da shi sama. Haka zai yi ta zagaye ba hutu.

"Baba Ambaliya, sharaɗi ɗaya ne," in ji ta cikin ladabi, don ita ma ta ɗauka sunana ke nan. "Kada ƙarfe ya taɓa ruwan nan. Gishiri zai cinye shi, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani. Komai na roba za a sa."

Na leƙa akwatina, rabin kayan da nake taƙama da su na tagulla ne. Na mayar da murfi na rufe.

Abin da ya ci samarin nan biyu na gano shi kafin azahar. Sun haɗa komai tsaf, in da wuta abin sha'awa. To amma wuta ma baƙuwa ce a wajenmu, kuma ba ta sallama in za ta tafi. Alhaji yana da janareta, sai dai kafin a zagaya baya a tayar da shi mai faruwa ta faru. Da inji ya tsaya, duk ruwan da ya haura haƙoran mataji dole ya gangaro. Bayan wannan, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya riƙa zuƙo shi ƙasa, daidai yadda kuke zuƙo fetur daga tankin babur da tiyo. Su kuwa samarin sun cika randar ƙasa maƙil, ruwan da ya sauko bai sami masauki ba sai kafet. Maganin zuƙowar Hindatu ta san shi: a huda ɗan ƙaramin rami a bututun, ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, da ruwa ya ja baya iska ta shiga ta katse shi. Na ɗauko abin huda na huda. Kusan shekara talatin ina toshe huda, yau ga ni ina yin ta da gangan a sabon bututu, kuma wai gwaninta ce.

Duk da wannan ramin, bokiti biyu sai sun sauko duk sanda wuta ta tafi. Ban tsaya ga abin da ke takarda ba, da bokiti na auna da hannuna. Ke nan randar ƙasa ba a cika ta, dole a bar mata wurin bokiti biyu da ɗoriya, fanko. Ku riƙe wannan ku da kuke ganin aiki shi ne abin da aka jona: wurin da aka bari ba komai, shi ma aiki ne, kuma shi ya fi wuyar tsarewa. Na samo jan fenti na ja layi a jikin randar, na ce ruwa kada ya wuce nan.

Daga akwatin mataji bututu biyu na saukar. Ɗaya na aiki, ɗaya ya ɗan fi shi tsawo yana zaune a bushe, na ko-ta-kwana, ko dodon-koɗi zai shiga ya toshe na farko. Da muka fara kunnawa sai bututun ya kama wani ƙara, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ana jiyowa har zaure. Alhaji ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Ambaliya, teku na ce, ba raƙumi mai kurkurar baki ba." Yini guda na yi a durƙushe, kunne a jikin bututu, ina murɗa makunnin roba kaɗan-kaɗan, har ya yi shiru. Abin da ya rage sai sautin zubar ruwa a randa rabi, mai zurfi, mai ɗan amo. Na haddace wannan sautin yadda Baba Audu ya koya mini.

Ana cikin haka na lura da Inna Tabawa. Yayar Alhaji ce, tun rasuwar mijinta take gidan, kuma duk wani ruwa na gidan a hannunta yake. Ta tashi a zamanin da mata ke sammakon rijiya mai nisa, don haka a wurinta mazubi rabi abin kunya ne. Ku leƙa gidajenku in ƙarya nake yi: ranar da famfo ya kawo ruwa, ba randa ba duro, har tsohon gwangwanin madara sai an cika. Gidan Alhaji da rijiyar burtsatse da komai, amma ba buta ɗaya da za ka ɗaga ka ji ta da sarari. Inna ta shigo kawo mini fura, ta leƙa kabad, ta ga randar ƙasa rabi. Ta dube ni, ta dubi randa.

"Malam, wanga tanki mi ya hana a cika shi? Ruwa muka rasa?"

"Inna, haka ake barinsa."

"Haka ake barinsa," ta maimaita, irin maimaitawar da ke nufin za mu gani. Ta ƙara da cewa ita murjani a wuya ta san shi, kifin da ba a ci kuma ba ta ga dalilin ciyar da shi ba.

Tana fita na ɗauko abin huda. Na ce wa Hindatu zan fasa jikin randar ƙasa can sama da jan layi, sama da inda bokiti biyun nan ke tsayawa, in sa bututu mai kauri, in huda bango in fitar da shi waje, ya riƙa zuba a 'yar kwatar da ke gefen ƙofar falo. Duk wanda ya ƙara ruwa ya wuce ƙa'ida, rarar ta fice waje.

"Baba, babu wannan a zane," in ji Hindatu. "Duk littattafan da na karanta ba wanda ya yi haka."

"Malama, waɗanda suka rubuta littattafan ba su da Inna a gidansu."

Ta yi dariya har da dafa kabad, ta ce in huda.

Sau goma sha ɗaya na sa aka kashe wuta da gangan. Kowane karo ruwa ya sauko, ya hau, ya hau, ya tsaya cak, saura yatsa uku ya kai sabon ramin. Hindatu ta haɗa ruwan gishirinta a wani shuɗin duro a baranda, ba gishirin miya ba, nasu na musamman mai zuwa a buhu. Ta bar tanki ya yi makonni yana zagaye da duwatsu kawai, Alhaji kullum yana tambaya ko kifin a ƙasa yake tahowa. Ranar da suka iso daga Legas a cikin ledoji, ni da ban san kifi ba sai tarwaɗa da karfasar Zobe, na saki baki. Wani rawaya kamar ƙwanduwa, wani shuɗi, wani ja da farin zane a ka, wanda Alhaji ya raɗa wa Mai-rawani nan take. Murjanin kuwa da ya huta sai ya buɗe, yana kaɗawa shi kaɗai. Na jawo kujera, Alhaji ya jawo tasa, tsofaffi biyu hanci a jikin gilashi muna nuna wa juna da yatsa muna ƙyalƙyala dariya. Har na hau mota ban tuna na baro akwatin kayana a falon ba.

Ran Juma'ar da aka sa, na saka sabuwar farar shaddata ta Sallah. Da aka sauko daga masallaci jama'a suka ɗunguma gidan Alhaji: Liman, da manyan 'yan kasuwar hatsi, har da waɗanda suka ga geron nan mai gemu da idonsu. Takalma suka cika ƙofar falo, suka zarce gefe, suka rufe 'yar kwatar da bututuna ke zuba. An shimfiɗa kafet an turare shi, fanka tana juyawa, mutane sai salati suke yi a gaban gilashi.

Ina sa ƙafa a falon kunnena ya ce mini da magana. Sautin randa rabi da na haddace babu shi. Ruwa yana zuba a ƙasa, amma a shaƙe, yadda buta ke yi in ta kusa cika. Na nufi kabad, sai Liman ya kama hannuna. Kun dai san gaisuwar Liman: gida, iyali, aiki, gajiya, mutanen Dutsin-Ma ɗaya bayan ɗaya. Bai sake ni ba Alhaji ya ce a yi wa teku addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. Ni hannuna a sama, kunnena a kabad, idona a kan fanka. Muna tsakiyar addu'a fanka ta fara rage gudu.

Allah ya gafarta mini, ban jira an shafa ba. Na tsallake ƙafafun alhazai biyu, na faɗa rub da ciki da shaddata, na fizge ƙofar kabad. Randar ƙasa cike, saura yatsa ɗaya ta kai baki, ga bokiti biyun nan suna gangarowa. Jan layina ya nutse can ƙasa. Na tsoma hannu na lalubi ƙofar fitar da na yi, sai na ci karo da wani abu mai taushi. Baƙin tsumma ne, an dunƙule shi a leda, an ɗaure da zare, an cusa a ramin da ƙarfi, aikin gwani. Na ja, ya ƙi. Ruwa ya taɓa baki, ya yi tudu yana rawa. Sai na tuna filayar da ba na rabuwa da ita ko ran Sallah. Na zaro ta daga aljihu, na cafke tsumma, na tokare ƙafa a kabad, na ja da iyakar ƙarfina. Tsumma ya fito, na faɗi da baya, hulata ta yi nata wuri. Bututu ya yi wata ƙatuwar gyatsa, ruwa ya bi shi da gudu. Ɗan abin da ya malalo a cikin kabad na tare shi da hannun rigata.

Sai ga direban Alhaji ya leƙo ta taga yana haki. "Alhaji, takalma suna tafiya!"

Takalman sun tare kwata, ruwa ya taru ya kwashe su ya yi tsakar gida da su, silifas ɗin Liman a gaba, sauran suna bin sahu. Manyan mutane da manyan riguna suka fita ba takalmi, kowa ya tattare riga yana farautar nasa. Ina jiyo wani tsohon ɗan kasuwa yana cewa, "Ai da ma. Ambaliya ya sake." Aka kwashe da dariya, irin ta ranar kasuwar nan sak. Na zauna a ƙasa, tsumma a hannu, zuciyata ta karye. Na ce shi ke nan, da sunan nan za a yi mini salla.

"Wa ya cire mani toshina?"

Inna Tabawa ce a bakin ƙofar cikin gida, ta riƙe ƙugu, Hindatu a bayanta. Ta ce tun da safe ta ga za a yi baƙi, tanki kuma rabi kamar gidan da ba mata. Ta ɗebo daga shuɗin duron da ta ga Hindatu tana ɗiba, Allah ya sa na gishirin ne, kifaye ba su ji komai ba. Ta zuba, ta zuba, ya ƙi cika. Da ta sa hannu ta laluba sai ta gano yoyon.

"Rami ƙato, Malam, ka bari a tankin mutane, wai kai mai aikin famfo. In ba don ni ba, da yau kun ji kunya gaban baƙi."

Hindatu ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa.

Alhaji Sada kuwa bai fita ba, ko da yake nasa takalman ma suna cikin matafiya. Ya dogara sanda ya sauko daga kujera, ya durƙusa a hankali, gwiwoyi suna ƙara. Ya sa tafin hannu a kafet daga gindin kabad, yana shafawa yana matsawa, taki bayan taki, har bakin ƙofa. Jama'a suka dawo da jiƙaƙƙun takalma a hannu suka yi cirko-cirko suna kallonsa, dariya ta ɗauke.

"Wa ya ce a huda bangon nan?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Shi ne, Baba," in ji Hindatu. "Babu shi a zane. Da ba don shi ba, duk ruwan da ke tsakar gida a nan zai sauka."

Alhaji ya sake shafa kafet. Ni ina can gefe ina matse hannun riga a cikin bokiti, ina kallon Mai-rawani yana ta yawonsa, ba abin da ya sha masa kai.

"Malam Haladu," in ji Alhaji.

Ba wanda ya amsa.

"Malam Haladu."

Har na fara jin haushin mai sunan, dattijo yana kira ya yi banza da shi. Sai da Liman ya zungure ni da jiƙaƙƙen silifas ɗinsa ya ce, "Da kai fa ake."

"Na'am, Alhaji," na ce.

"Taso ka taɓa da hannunka, Haladu. A bushe yake."

Na rarrafa na taɓa. A bushe yake. Ban san sanda na fara dariya ba, ina yi hawaye yana zubo mini, Alhaji yana cewa in kau da kai kada in jiƙa masa kafet da ido.

Tsumman ga shi can a ƙusa, sama da zarto. Inna ta aiko a karɓo har sau biyu na hana, yanzu kuma ita ce mai gadin jan layi, ba mai kusantar kabad ɗin da bokiti ta bar shi. Mutanen gari har gobe Ambaliya suke cewa, ku ma ku ci gaba abinku, ba ya ci mini rai yanzu, tunda wanda ya laƙaba mini shi ya riga ya karɓi kayansa. To, wanda ya koya a waya ya tashi ya ƙwanƙwasa tankin can, ya gaya mini inda ruwa ya tsaya.